Goron Gwanja da Zongon Kumasi: Iri Ɗaya, Ƙasa Dabam-dabam

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masu cinikin goro ya san tambayar da akan fara yi in an kwance huhu. Kafin a yi maganar kuɗi sai an ce, "Na ina ne?" Tsohon dillali yakan ɗauki ƙwaya ɗaya, ya juya ta, ya fasa, ya ɗanɗana, sa'an nan ya sa mata daraja. Ga wanda bai saba ba, goro dai goro ne. Amma ɗan kasuwa ya san wani yana jure ajiya har ya zama daushe, wani kuwa ba ya daɗewa sai ya yanƙwane. Wani yana da garɗi, wani ɗaci ne kawai da yauƙi.

Tambayar dillalin nan ita ce masanan tsire-tsire suke yi da nasu harshe: me ya sa itace jinsi ɗaya yakan fito da hali dabam-dabam a wurare dabam-dabam? Nawa ne na gado, nawa ne na ƙasa da ruwa da rana? Zongon Kumasi, a ƙasar Ghana, wuri ne da ya dace a duba wannan magana, gama a nan ne amfanin kurmi da amfanin ƙasar sarari suke haɗuwa a kasuwa ɗaya. Bari mu fara da tarihin yadda Hausawa suka kai can.

Hanyar Gwanja

Goro ba ya yi a ƙasar Hausa. Itace ne na kurmi, mai son laima da ƙasa mai zurfi. Kumasi takan sami ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, a damina biyu, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Kano kuwa ba ta cika kai 900 ba, duka a cikin wata huɗu ko biyar, sa'an nan rani da hunturu su biyo baya. Wannan bambanci na ruwa shi ya haifi fatauci. Masu cin goro suna arewa, itacen yana kudu, sai aka sami masu tafiya tsakani.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna goro ya fara shigowa ƙasar Hausa ne daga Nufe, a cikin gaisuwar da Sarkin Nufe ya aika wa Sarauniya Amina. Ya kuma nuna a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya zuwa Gwanja. Ita Gwanja ba ƙasar goro ba ce. Kasuwa ce a bakin kurmi inda ake kawo shi. Duk da haka sunanta ya bi goron, har Yarbawa ma suka ari sunan daga bakin Hausawa.

A ƙarni na 18 Asante, waɗanda Hausawa suke kira Tonawa, suka ci Gwanja da Dagomba, garin Salaga ya zama babbar kasuwar goro. Abu biyu suka ƙara wa cinikin ƙarfi a farkon ƙarni na 19. Bayan jihadin 1804 an hana giya a ƙasar Hausa, goro kuwa halal ne, sai masu nemansa suka ƙaru. A 1807 kuma Ingila ta hana 'yan ƙasarta cinikin bayi ta teku, saboda haka Tonawa suka ƙara mai da hankali ga kasuwar arewa.

Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara a wannan hanya. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato a ƙarƙashin madugu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, ya bi ta Yandi ya sauka Salaga. Tafiya da komowa takan ci wata shida, wani lokaci shekara. Sukan kai kanwa da tufafi da kayan fata da busasshiyar albasa da dabbobi. Dole kuma a faɗi gaskiya, har da bayi. Theophilus Opoku, ma'aikacin Mishan na Basel ɗan Akropong, ya je Salaga a 1877, ya ga kasuwar bayin da idonsa ya rubuta labarinta. Da yawa daga cikin masu tsintar goro a kurmi da masu ɗaukarsa a ka ba da son ransu suke yi ba.

Yadda Zongon ya kafu

Turawan da suka je Kumasi a 1817 da 1820 sun tarar da Musulmi 'yan arewa a garin, waɗansu suna yi wa sarki aikin rubutu. Amma daga baya sarakunan Asante suka hana fatake shiga ƙasar goro. Sai dai su tsaya a Salaga a kawo musu. Wato shekaru da yawa Bahaushe yana sayen goro, yana rarrabe shi da ido da harshe, bai kuwa taɓa ganin itacen ba.

A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi. Salaga ta yi wa Asante tawaye, Asante ta tsai da goro, ciniki ya koma Kintampo da Atebubu. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, mutanenta suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Akara da sauran garuruwa. A 1896 Turawa suka shiga Kumasi suka kama Sarki Prempeh na ɗaya. A wannan shekara ce kuma Fritz Ramseyer na Mishan na Basel ya komo garin da aka tsare shi har zuwa 1874, ya kafa aikin bishara. Bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 ƙofa ta buɗe sarai. Tsofaffin sojoji masu jin Hausa da fataken da suka baro Salaga suka zauna, zangon baƙi ya zama unguwa, wadda mutanen Ghana suke kira Zongo. Daga nan ta yaɗu zuwa Sabon Zongo da Aboabo da Asawase da sauransu.

Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903. Sai aka fara sa goro a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, a jirgin ruwa zuwa Legas, daga 1912 kuma a jirgin ƙasa har Kano. Alhassan Ɗantata, Ba'agale ɗan Bebeji, yana cikin na farko da suka yi arziki ta wannan sabuwar hanya. Bayan fatake sai ga 'yan ƙodago masu zuwa gonakin koko da ma'adinan zinariya: Mosawa, Zabarmawa, Frafra, Kusasi, Dagaba da sauransu. Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Yawancin mutanen Zongo Musulmi ne, amma a cikin 'yan arewan nan akwai masu bin Almasihu, musamman bayan da aikin bishara ya kafu a Navrongo a 1906, da Yandi a 1931.

Abin da yake cikin huhu

Yanzu mu koma ga goron kansa. Da farko sai a raba jinsi da jinsi. Goron gwanja ɓari biyu gare shi, masana suna kiransa Cola nitida. Asalinsa kurmin yamma ne, daga wajen Saliyo da Gini zuwa Ghana. Goro mai ɓari uku zuwa shida, wanda Hausawa suke kira hannun ruwa, wani jinsi ne dabam na gabas. Namijin goro kuwa ko dangi ɗaya ba su ba. Maganarmu a nan a kan bambancin da yake cikin gwanja shi kaɗai ne. In aka lura, bambancin nan kashi uku ne.

Na farko shi ne launi. Akwai fari, akwai ja, akwai mai ruwan hoda. A 1911 wani masani Bafaranshe, Auguste Chevalier, ya raba gwanja gida huɗu, yawanci bisa ga launi. Amma manomi ya san akan fasa kwanso ɗaya a tarar da fari da ja a kwance tare. Ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, reshe ɗaya. Daga baya bincike ya tabbatar launi gado ne, daga uwar itacen da kuma garin furen da ƙwari suka kawo daga wani itace. Ko wace irin ƙasa aka kai shi, taki ba ya mai da jan goro fari. Nan ne karin maganar nan ta zauna daidai, albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Na biyu shi ne abin da wuri yake yi wa itace a cikin rayuwarsa. Itacen goro da ya tashi a tsakiyar kurmi, a ƙarƙashin manyan itatuwa, yakan miƙe sama yana neman rana, ya yi tsawo, 'ya'ya kaɗan. Ɗan'uwansa da aka dasa a fili yakan gajarta, ya baje rassa, ya fi ba da 'ya'ya. Shekarar da ruwa ya wadata akan sami marsa da yawa, shekarar fari kuwa minu ya yi yawa. Wannan sauyi na gaske ne, amma ba ya bin zuriya. In aka ɗauki irin dogon itacen nan aka shuka a fili, ɗansa ba lalle ya yi tsawonsa ba. Zama da maɗaukin kanwa ne ya kawo farin kai, in aka rabu aka wanke, kai ya koma baƙi.

Na uku shi ne mafi zurfi, shi ne kuma mafi wuyar gani. In itace ya daɗe a wuri ɗaya, zuriya bayan zuriya, wurin yakan yi ta tankaɗe shi. Tsiron da bai jure ranin wurin ba ya mutu tun yana ƙarami. Wanda ya jure shi ne zai haifi na gaba. Manomi kuma yana nasa zaɓe, yana barin wanda ya yi masa daɗi. A kwana a tashi sai halin wurin ya shiga cikin gado. Misali a nan shi ne goron Labozhi, a ƙasar Nufe, yamma da Bida, wanda Hausawa suke kira labuje. Shi ma gwanja ne, amma yana nesa da 'yan'uwansa na yamma, a cikin ƙananan kurame na bakin rafi a tsakiyar ƙasar sarari, inda rani ya fi na Asante tsawo. Saiwarsa tana samun ruwa a ƙasa ko da sama ta bushe. Ya yi suna ƙwarai har sarakunan Nufe suka sa hannu a kan gonakinsa, ya zama goron kyautar sarakuna.

Ta yaya za a rarrabe kashi na biyu da na uku? Hanya ɗaya ce, a tattaro iri daga wurare dabam-dabam a shuka su a gona ɗaya. Abin da ya ɓace na wuri ne, abin da ya tsaya na gado ne. Wani masani ɗan Suwidin, Göte Turesson, ya bayyana wannan a 1922. Daga baya waɗansu masana uku a Kalifoniya ta Amurka, Clausen da Keck da Hiesey, suka riƙa tsaga tsiro ɗaya suna dasa shi a lambuna uku, ɗaya kusa da teku, ɗaya a tsakiyar dutse, ɗaya a can sama inda tsawo ya wuce mita 3,000. Tsiro ɗaya ya fito da siffa uku. Amma na kan dutse bai daina gajarta ba ko da an sauko da shi, na bakin teku kuwa sanyin sama yakan kashe shi ko ya hana shi yin iri.

Goron Asante ya yi ƙaura

Tarihi ya yi irin wannan gwaji da goro ba da niyya ba. A ƙarshen ƙarni na 19, da goron Gwalkwas ya fara sauka Legas ta teku, manoman Yarbawa suka fara shuka shi a Agege da Ota, daga baya Shagamu da sauran wurare. A cikin manyan manoman Agege na lokacin akwai masu bi, irin su J. K. Coker na Ikilisiyar Afirka, waɗanda suka haɗa noma da wa'azi. 'Yan ƙodagon da suka yi aiki a gonakinsu sukan koma garuruwansu da iri a hannu. Ruwa da ƙasar wurin sun yi kusa da na Asante, saboda haka baƙon itacen ya karɓu. Kafin ƙarshen shekarun 1930 goron ƙasar Yarbawa ya ƙwace yawancin kasuwar Kano daga hannun na Gwalkwas, Nijeriya kuma ta zama ta ɗaya a duniya wajen noman goro. Unguwannin Sabo na Ibadan da Shagamu suka yi aikin da Salaga ta yi a dā.

Goron ya riƙe ɓarinsa biyu da launukansa, gama waɗannan gado ne. Amma 'yan kasuwa ba su daina tambayar "na ina ne" ba, suka ci gaba da raba na Ghana da na Shagamu da labuje a wajen kuɗi. Akwai kuma wata wahala da manoma suka tarar. Yawancin itatuwan goro ba sa karɓar garin furen kansu, sai na wani. Saboda haka 'ya'yan itace ɗaya ba sa kama da juna. Mutum zai shuka goro, ya jira shekara bakwai ko fiye, sa'an nan ya tarar waɗansu itatuwa kaɗan ne suke ɗauke da gonar, sauran inuwa kawai. Shi ya sa cibiyoyin bincike na Tafo a Ghana da na Ibadan a Nijeriya suke zaɓen itatuwa masu kyau, suna yaɗa su ta reshe da ta aure, yadda ake yi wa mangwaro.

Kayan arewa a kasuwar kudu

Hanyar Gwanja ba goro kaɗai ta ɗauka ba. Abin da ya sauko daga arewa ma yana da nasa darasi, kuma a nan shaidar ta fi fitowa fili, gama hatsi yana sāke zuriya kowace shekara.

Gero da maiwa da dauro duk jinsi ɗaya ne. Gero yakan nuna cikin wata uku, ya dace da inda damina take gajera. Maiwa takan jira sai rana ta fara gajarta kafin ta fid da kai. Dauro, wanda mutanen Filato da kudancin Kaduna suka sani, a reno ake tashinsa a dasa. Haka dawa take. Farafara da danginta na kudu suna da sakakkiyar zangarniya mai rataya, wadda takan bushe da sauri bayan ruwa, ba ta saurin yin fumfuna. Kaura ta Kano da Katsina tana da manyan ƙwayoyi da kai mai ɗan cushewa, wanda ya dace da inda kaka take a bushe.

A shekarun 1960 wani mai bincike a Samaru ta Zariya, D. L. Curtis, ya nuna dawar kowane yanki takan fid da kai daidai da lokacin da ruwan yankin ya saba ɗaukewa, ko an shuka ta da wuri ko an makara. Tsawon yini ne agogonta. In aka kai ta arewa kudu, sai ta fid da kai ana tsakiyar ruwa, ƙwayar ta ruɓe. In aka kai ta kudu arewa, sai ta tsaya jira har ƙasa ta bushe. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ɗan Bawku ko ɗan Maraɗi da yake zaune a Zongo, ko da ya sami fili, yakan sayi geron kokonsa da furarsa daga motocin arewa, ya shuka masara da rogo kamar maƙwabtansa.

Albasa ma haka. Ta Galmi, garin nan na Nijar da masu bi da yawa suka sani saboda asibitin mishan, takan cika kasuwannin Kumasi. Ita da jar albasar Bawku sun saba da gajeren yini da sanyin hunturu da busasshiyar iska. Irin albasar arewacin Turai kuwa sai yini ya yi tsawo ƙwarai yake yin kai. In aka shuka shi a ƙasashenmu sai lawashi kawai. Man kaɗanya da matan Zongo suke sayarwa mai tauri ne, na ƙasar Mosi ma ya fi tauri. A arewacin Yuganda kuwa kaɗanya takan ba da mai ruwa-ruwa. Itacen jinsi ɗaya ne.

Kada mu ɗauka wannan tankaɗe ya ƙare tun zamanin kakanni. A 1976 an tara irin gero daga ƙauyukan Nijar an ajiye. A 2003, bayan farin shekarun 1970 da 1980, aka koma ƙauyuka 79 daga cikinsu aka sāke tarawa, aka shuka tsoho da sabo gefe da gefe. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna yawanci manoma ba su sāke sunayen irinsu ba, amma geron 2003 ya ɗan riga na 1976 fid da kai, zangarniyarsa kuma ta ɗan gajarta. Cikin shekara 27 kawai gero ya bi damina. Ya iya yin haka ne domin a cikin kowace gona akwai mai sauri akwai mai nawa. Da duka ɗaya suke, da ba abin da za a zaɓa.

Wani gero mai saurin nuna da manyan ƙwayoyi, wanda talakawan arewacin Togo da Ghana suka riƙe, ana kiransa iniadi, shi masana suka ɗauka suka fitar da irin da aka ba manoman Indiya a 1988, da kuma wanda ya yaɗu a Namibiya wajen 1990. Abin da wata tsohuwa ta ɓoye a tukunya ya ciyar da mutanen da ba ta taɓa jin sunan ƙasarsu ba.

Darasin koko

Ghana ta taɓa ɗanɗana hatsarin dogara ga iri ɗaya. 'Yan Mishan na Basel sun gwada koko a Akropong, amma irin da Tetteh Quarshie ya kawo daga tsibirin Fernando Po a 1879 shi ne aka fi tunawa da shi. Kusan dukan kokon ƙasar ya zama iri ɗaya, itatuwan kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya. A 1936 aka gano cutar kumburin reshe. Da yake halinsu ɗaya ne, abin da ya kama ɗaya ya kama duka. Daga 1946 gwamnati ta shiga sare itatuwa, har aka sare fiye da miliyan 100, manoma suka yi fushi ƙwarai. Sauƙi ya fara zuwa ne ta sababbin iri na kurmin Amazon, waɗanda aka kawo Tafo a 1944. Wato maganin ya fito daga wurin da aka bar koko da bambancinsa.

Goro bai taɓa shiga irin wannan ƙunci ba, gama a gida yake, danginsa suna da yawa. Amma ana ta rage su. An sare waɗansu don a shuka koko. Dokar korar baƙi ta 1969 ta fitar da 'yan kasuwa da yawa daga Zongo, ciniki ya raunana. Fari da gobarar daji na 1983 sun cinye gonaki masu yawa a Asante da kewaye. Haƙar zinariya ba bisa doka ba, wadda ake kira galamsey, ta lalatar da gonaki da koguna irin su Offin da Pra. Zafi kuma ya ƙaru a ƙasar tun daga shekarun 1960.

A nan akwai bambanci babba tsakanin gero da goro. Ana iya shanya gero a ajiye shi a ɗaki mai sanyi shekaru da yawa, ya tsiro. Goro kuwa in ya bushe ya mutu. Fatake sun san wannan tun dā, shi ya sa suke naɗe shi da ganyen fita, suna yayyafa ruwa, suna kwancewa a hanya suna tsince wanda sankara ta kama. Rumbun irin goro shi ne itace mai rai. Ran da aka sare tsohon itacen da ya jure ranin bakin kurmi shekara ɗari, abin da ya gada ya tafi ke nan. Shi ne kuwa irin da za a nema in rani ya ƙara tsawo.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Littafin Farawa, sura ta fari, ya nuna mana Allah ya yi tsire-tsire kowanne da irinsa a cikinsa. Tarihin goro da gero ya nuna mana yalwar da ya zuba a cikin kowane iri, domin ya iya zama a kurmi da fadama da jigawa. Sura ta biyu kuma ta nuna aikin da aka fara ba mutum shi ne ya nome gonar ya kuma kiyaye ta. Nomawa mun iya. Kiyayewa ce take neman kuɓuce mana.

Ba laifi ba ne a karɓi sabon iri daga malaman gona, da yawa daga cikinsu suna da amfani ƙwarai. Amma kada a zubar da na gida. A ware masa kunya biyu ko uku kowace shekara. Wanda zai karɓi iri daga nesa ya yi tambayar dillalin goro, ya ce na ina ne, yaushe ruwansu yake ɗaukewa, sa'an nan ya gwada shi a gefen gona kafin ya cika ta da shi. Ikilisiyoyi da makarantun Littafi Mai Tsarki da yawa suna da filaye. Inda goro yake yi, a dasa 'ya'yan tsofaffin itatuwan yankin, daga itatuwa da yawa, a rubuta inda kowanne ya fito. Inda kaɗanya da ɗorawa suke, a bar ƙananansu su tashi. Zumuntar mata kuwa, su ne suka fi sanin wane wake ne yake jure fari, wace kuɓewa ce take saurin 'ya'ya. A tambaye su tun suna nan, a rubuta.

Wannan aiki ne da za mu iya yi tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama ruwan da yake sauka a gonarsu shi yake sauka a tamu. A Zongon Kumasi goro ɗaya ake rabawa a suna da aure da ta'aziyya, ko gidan wane ne. Kakannin masu cinikinsa sun yi tafiyar watanni a ƙasa domin su kai shi arewa da ransa. Ubangiji ya ba mu hikima da aminci mu miƙa wa 'ya'yanmu iri mai rai kamar yadda muka karɓa. Amin.